Idon Torika da Kwalaben Teku

Duk wanda ya san ƙauyen Vatulawa ya san Torika matar Manasa. Da zarar ruwa ya janye za ka hango ta a bakin teku, kanta a sunkuye kamar wadda allura ta faɗi mata. Ba kaguwa take nema ba, ba kifi ba. Fasassun kwalabe take tsinta.

A ƙasan ƙauyen akwai kufan wata tsohuwar mashiga inda jiragen ɗaukar busasshiyar kwakwa suka riƙa tsayawa tun zamanin kakanni. Matuƙan jiragen sun sha abin da suka sha, sun watsa kwalaben a ruwa shekara da shekaru. Teku ya farfasa su, ya yi ta murza su da yashi har kaifinsu ya mutu, suka koma sumul kamar alewar da aka tsotsa. Tun tana ƙarama Torika ke cika gwangwani da su, uwarta tana zubarwa, tana cewa wace irin yarinya ce wannan mai kwaso shara zuwa ɗaki. Ba wanda ya zaci wata rana sharar nan ce za ta riƙe gida.

Manasa mai nutso ne a da. Yakan goya tukunyar iska ya sauka can ƙasan ruwa ya ɗebo waɗannan halittu masu kama da kokwamba da 'yan kasuwar waje ke saya da tsada. Wata Talata iskarsa ta ƙare yana can ƙasa, ya taso da sauri fiye da ƙima. Da aka jawo shi cikin kwale-kwale yana magana, har da dariya. Kafin su kai gaɓa ƙafafunsa sun daina jin komai, kuma ba su sake ji ba. A lokacin Torika tana da shekara talatin da ɗaya, ɗansu ɗaya, Isoa, bai gama firamare ba.

Ta gwada saƙar tabarma, ta gwada suyar kifi a bakin titi, abin dai bai kai ko'ina ba. Ran nan ta shiga garin Savusavu sayen maganin mijinta, a wuyanta akwai wani shuɗin gilashi da ta ɗaure da zaren kamun kifi. Wata mai shago, Sharda, Ba'indiya mai baki da tsayayyen ido, ta tare ta a ƙofa ta ce, "Ke, ina kika sayi wannan?" Torika ta ce ba saya ta yi ba, teku ne ya ba ta. Sharda ta ba ta aron ƙaramin injin huda da filaya da dunƙulen wayar azurfa, ta ce ta je ta ɓata goma, na sha ɗaya zai yi kyau. Ta ɓata fiye da hamsin kafin ta gane cewa sai an nutsa gilashin cikin ruwa ake huda shi, in ba haka ba ya tsage.

Shekara goma sha tara ta yi tana wannan aiki. Da shi aka saya wa Manasa keken guragu, da shi aka yi wa ɗaki kwano, da shi Isoa ya yi karatu har ya tafi Ostireliya aikin gonar inabi, inda ya yi aure, wayarsa ma ta zama sai an ga dama. Masu tsintar gilashi ba su ƙare ba a wannan gaɓa, amma babu mai haɗa 'yan kunne kamarta. Abin wuya kowa ma ya iya, ai guda ɗaya ne. 'Yan kunne kuwa sai ka samo biyu masu launi ɗaya, girma ɗaya, kauri ɗaya, a cikin abin da ruwa ya watsar ba tsari. Torika takan ajiye ƙwaya ɗaya shekara biyu tana jiran abokiyarta. Kore a wurinta ba ɗaya ba ne: akwai na ganyen gwaza, akwai na ruwan da ke kan murjani da hantsi, akwai na gefen hadari. In baƙi suka yaba, sai ta ce ita ƙarashe kawai take yi, mai aikin teku ne, yana can waje yana ta ruri.

Abin ya fara mata ne kamar hayaƙin murhu. Ta murza ido, ta wanke da ruwa, hayaƙin bai tafi ba. Daga nan sai wasu baƙaƙen zare suka riƙa yawo a gabanta. Ta san tana da ciwon suga, nas ta sha gaya mata, amma ƙwayoyin maganin sukan ƙare kuma garin da nisa, ga shi mace ɗaya ce da ɗaga namiji, da wanka, da girki, da bakin teku. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta matsar da teburinta kusa da taga. Da injin ya huda mata ɗan yatsa, ta ce wa Manasa wuƙar kifi ce.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata Asabar ta kai kaya shago, Sharda ta zazzage su a faranti ta fara dubawa, sai ta ɗago kai.

"Torika, wasa kike yi da ni?"

"Wane irin wasa?"

"Wannan fa? Ɗaya kore, ɗaya ruwan ƙasa. Wannan kuma ramin ma a karkace yake. Ko wani kika ba ya yi miki?"

"Sabon salo ne," in ji Torika, tana murmushin da bai kai ciki ba. "Turawan nan ai suna son abin da bai yi kama ba."

Sharda ta dube ta ta ƙara dubawa. Ta ɗaga wani gilashi tsakanin yatsu biyu, daga bayan kanta, ta ce, "Wane launi ne wannan?"

Torika ta ƙura ido. Abin da take gani kawai hasken ƙofa ne da inuwar hannu. Ta ce, "Kore."

"Fari ne."

Sharda ta zaɓi huɗu daga cikin ashirin, ta mayar mata da sauran cikin jaka. Ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "'Yar'uwa, ba zan iya sa waɗannan a taga ba, kin sani. Ki je a duba ki. Kar ki tsaya taurin kan nan naki."

A bas ɗin komawa Torika ta rungume jakar a cinya, ta juya fuska waje don kada a ga hawayenta. Ba makantar ce ta fi tsorata ta ba. Tunanin da ke cin ta shi ne wa zai ɗaga Manasa daga shimfiɗa, wa zai ga gyambon bayansa tun yana ƙarami kafin ya ci nama.

Unaisi ce ta fara tona ta a ƙauye. Taubashiyarta ce, 'yar kawunta, tun suna yara ba sa haɗuwa sai an yi tsiya. Ta shigo da safe ta tarar Torika na zuba gishiri a shayin ganyen lemo.

"Kai, jama'a! Sabon girki ne ko so kike ki ƙarasa mana bawan Allah ki ci gadon keke?"

"Ke dai baƙin kwaɗayi ya kawo ki. Gidanki ba wuta ne?"

"Ni ina nan, tsohuwa, hagunki. Wa kike yi wa magana, ƙofa?"

Dariyar ta tsaya a nan. Manasa, da ke kan kekensa a bakin ƙofa, ya ce a hankali, "Maman Isoa, tun watan jiya na sani. Ina kallonki kina laluben filaya tana gabanki. Jira nake ki faɗa da bakinki."

Ta zauna daɓas a kan tabarma, ta ce, "To in na faɗa me za ka yi? Tashi za ka yi?"

Maganar ta fita kafin ta kama ta. Shekara goma sha tara ba ta taɓa gaya masa irinta ba. Ya juya kekensa ya fuskanci waje.

Daga nan ta shiga neman magani kamar mai neman ruwa a tafin hannu. Wata tsohuwa a ƙauyen gaba ta matse mata ganye a ido, ta kwana biyu idon na zafi kamar an zuba barkono. Fasto ya zo da matan coci suka yi addu'a. Wani ya ce ta buɗe ido a cikin ruwan teku sau bakwai kafin rana ta fito, ta yi har sau ashirin. Idon hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama ya rage kamar leƙe ta tsagar bango. Ta kira Isoa sau uku, wayar na ta ƙara ba a ɗauka.

Nas ɗin da ke zagayen ƙauyuka ce ta kawo labari wata Litinin: likitocin ido daga waje sun sauka a asibitin garin Labasa, kwana biyar za su yi, ranar Juma'a su tashi, sai kuma baɗi. Ta ce, "Mama, idon nan naki ba zai kai baɗi ba. Ki tafi gobe."

A ranar ruwa ya kece. Kwana biyu ana yi ba ƙaƙƙautawa, kogin da ke tsakaninsu da babban titi ya hau kan gada ya tafi da rabinta. Bas bai zo Talata ba, bai zo Laraba ba. Teku ma ya hau, ba mai kwale-kwalen da zai yarda ya fita. Torika ta riƙa fita ƙofa tana sauraron ruwa, ta dawo, ta sake fita. Ranar Alhamis da sassafe ta ɗaure zanenta tamau ta ce za ta tafi da ƙafa.

"Da wane idon?" in ji Unaisi.

"Da naki. Ai ba abin da kike yi da shi sai leƙen tukunyar mutane."

"Shi kuma wannan wa za ki bar wa?"

Manasa ya ce, "Ku bar ni da ruwa da dafaffen rogo a kusa. Matar fasto za ta leƙo. Iskata ta ƙare a ƙasan teku ma ban mutu ba." Ya kama hannun matarsa, abin da ba ya yi a gaban mutane. "Maman Isoa, maganar ran nan na yar da ita. Ke dai ki je. In kin tsaya saboda ni, ita ce ba zan yafe ba."

Tafiyar awa uku ce zuwa kogi, cikin laka har ƙwauri. A bakin kogin samari sun ɗaura igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, suna ƙetarar da buhunan gwaza a ka. Suka ce ba za su ƙetarar da mace mai lalurar ido ba, in ruwa ya ɗauke ta wa zai amsa. Torika ba ta yi musu da su ba, ta lalubi igiyar ta shiga. Ruwan ya kai mata ƙirji, sanyi kamar ƙanƙara, yana jan ƙafafunta. Unaisi na bayanta, ta cukuikuye mata zane, tana zaginta tana kiran sunan Allah a numfashi ɗaya. A tsakiya wani reshe ya bugi Torika a haƙarƙari, hannunta ɗaya ya saki, takalmanta suka tafi. Da ɗaya hannun ta riƙe har samarin suka cim mata.

Motar gwaza ce ta kai su Savusavu da yamma, bas ɗin Labasa na ƙarshe ya riga ya tashi. Sharda ta ba su wurin kwana da busassun kaya da silifa, ba ta tambayi komai ba. Da safe ƙasa ta zabtare a hanyar kan dutse, bas ya tsaya awa huɗu ana kwashewa. Torika ta riƙa tambayar lokaci har mutumin da ke kusa da ita ya cire agogonsa ya ba Unaisi.

Ƙarfe uku da rabi suka isa. Barandar asibitin cike take da tsofaffi masu auduga a ido, ana ta naɗe wayoyi ana sa kaya a akwati. Wata nas mai riƙe da takarda ta ce an rufe karɓar suna tun sha biyu, mutum fiye da talatin aka mayar.

"'Yata, daga Vatulawa nake. Kogi na shiga."

"Mama, wallahi na ji miki. Kowa a nan daga nesa yake. Jirginsu ƙarfe shida ne."

Torika ba ta san lokacin da gwiwoyinta suka kai ƙasa ba. Matar da ba ta taɓa roƙon ko gishiri a maƙwabta ba, ga ta a kan siminti ta riƙe ƙafar yarinyar da ta haifi kamarta. "Ba don ni ba ne. Mijina ba ya tafiya. Ni ce ƙafarsa. In na makance mu biyu aka binne. A duba kawai, ko ba a yi komai ba, a gaya mini gaskiya in san abin da zan gaya masa."

Wani tsoho da ke kan benci, na ƙarshe a layi, ya miƙe da sandarsa ya ce tasa yanar ido ce kawai, ta shekara biyar a idonsa, za ta iya ƙara ɗaya. A ba ta wurinsa. Nas ta shiga ciki, ta fito ta ce ta taso. Torika ba ta ga fuskar tsohon ba, ba ta kuma ji sunansa ba.

Likitar mace ce, hannunta da sanyi. Ta ɗiga magani, ta haska, ta daɗe tana dubawa. Ta yi magana nas tana fassarawa: suga ya fasa ƙananan jijiyoyin bayan ido. Na hagu ya tafi, babu abin da za a yi masa. Na dama za a ƙona wuraren da ke zubar jini da wani haske, don a tsayar da ɓarnar. Abin da ya tafi ba zai dawo ba.

"Ki tambaye ta," in ji Torika, "zan bambance kore da shuɗi?"

Likitar ta ɗan yi mamakin tambayar. Ta ce a rana mai ƙarfi, wataƙila. Na shekara nawa, ba ta sani ba. Ya danganta da ƙwayoyi da abinci.

Aka yi aikin cikin minti ashirin. Kowane walƙiya sai ta ji kamar an soka mata ƙaya a cikin kai, amma ba ta motsa ba.

Sun koma ranar Lahadi, ruwa ya sauka. Sun tarar Manasa a ƙasa kusa da shimfiɗa. Ya faɗo tun safe garin miƙa hannu ga buta, mutane duk suna coci, ya ƙi yin ihu. Ya ce yana hutawa ne, ƙasan ta fi sanyi. Su biyu suka ɗaga shi. Ya tambayi abin da likita ta ce, ta gaya masa duka ba ta rage ba.

Yanzu shekara biyu ke nan. Torika ta bar 'yan kunne, abin wuya kawai take yi, shi ma daga sha ɗaya zuwa ɗaya na rana, a waje, ƙarƙashin rana tsaka. Sharda na karɓa, amma abin da ke shigowa bai kai rabin na da ba, akwai makon da rogo da ruwan kwakwa ne kawai a gidan. Hudar ta koma hannun Manasa, wanda ya fasa gilashi ya fi a ƙirga kafin ya iya, yana fasawa tana jin ƙarar tana cije leɓe. Isoa ya kira sau ɗaya, ya yi kuka, ya turo abin da ya turo, ya ce zai zo Kirsimeti. Bai zo ba.

A tsaye ba ta ganin komai a yashi, don haka da rarrafe take tsinta. Ta naɗe tsumma a gwiwa, ta bi gaɓa da tafin hannu, duk abin da ta ji sumul ta jefa a buhu. Takan dawo da buhu mai nauyi ta zazzage a gaban mijinta, shi ya zaɓa.

"Maman Isoa, yau ma duwatsu? Gida za mu gina?"

"Duba da kyau, akwai wani mai sanyi a ciki. Na ji shi."

"Akwai uku. Biyu ruwan ƙasa, ɗaya fari."

"Shuɗi fa?"

"Babu."

A watan jiya baƙin zaren ya sake bayyana a idon dama, ƙarami, can gefe. Wannan karon ba ta ɓoye ba, a ranar ta faɗa. Unaisi ta je ta tambayi nas yaushe likitocin za su dawo, aka ce sai bayan wata bakwai, in sun samu zuwa. Torika ta ji, ta gyaɗa kai, ta tambayi ko ruwa ya janye. Aka ce ya fara. Ta lalubi tsummanta ta hau ɗaurawa a gwiwa.